Kafin ka ce za ka tsufa cikin kaki: yadda ake auna aikin soja

Duk lokacin da rediyo ta sanar za a ɗauki sabbin sojoji, ƙofar gidana a Zango ba ta rabuwa da baƙi. Wani mahaifinsa ne ke kawo shi, wani kuma shi kaɗai yake zuwa bayan isha'i don kada mahaifiyarsa ta ji. Tambayarsu ɗaya ce: "Baba Ajidan, in shiga?"

Shekara 27 na yi cikin kaki, a sojan Nijar, tun daga 1993 da aka aske mini kai a barikin horo na Tondibiya, kusa da Yamai, har ranar da na mayar da kayan gwamnati na dawo Damagaram. Abin da nake gaya wa yaran nan shi ne, shiga ba ta da wuyar yanke shawara, domin jini na tafasa kuma aljihu babu komai. Mai wuya ita ce zama: shin za ka ba wannan aiki shekara ashirin da biyar ko talatin, wato dukan ƙuruciyarka da ƙarfin jikinka? Wannan ake aunawa, kuma ba sau ɗaya ba. Ka auna kafin ka kai takardunka, ka sake aunawa kafin ka yi aure, ka kuma sake duk lokacin da aka miƙo maka takardar sabunta alkawarin aiki.

Fara da dalilinka, kuma ka faɗe shi da baki a gaban wanda ba za ka iya yi wa ƙarya ba. Mafi yawan masu zuwa wurina zaman fada ne ya ishe su. Sun yi BEPC ko BAC, wato jarrabawar gama ƙaramar sakandare ko babba, babu aiki, an gaji da shan shayi daga safe har dare, an gaji da kabu-kabu a babur ɗin wani. Ba na ganin laifinsu, ni ma rashin abin yi ne ya fara tura ni. Amma yunwa tana kai mutum ƙofar bariki ne kawai, ba ta riƙe shi a ciki. Wanda na ga ya daɗe bai zama mai ɗacin rai ba, shi ne wanda daga baya ya sami wani abu a aikin da yake ƙauna: tsarin, ko zumuncin abokan aiki, ko ganin ƙauyen da mutane suka koma gona saboda an girke soja kusa da su. In ka yi shekara uku ko huɗu ba ka sami ko ɗaya ba, wannan ma amsa ce.

Sai maganar rai, kuma ba zan sassauta ta ba. Lokacin da na shiga akwai tawaye a arewa, aka sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, ya sake tashi daga 2007 zuwa 2009. Duk da haka, a zamaninmu soja da yawa sun yi ritaya ba su taɓa harba bindiga ba sai a filin koyo. Wannan zamanin ya wuce. Tun daga Fabrairun 2015 da Boko Haram ta afka wa Bosso da Diffa, aikin ya canja. A Karamga, cikin tafkin Chadi, mun rasa sojoji 46 a Afrilun 2015. A Inates, ranar 10 ga Disamba 2019, sojoji 71. Wata ɗaya bayan nan, ranar 9 ga Janairu 2020, a Chinagodar, 89. Cikinsu akwai yaran da ba su daɗe da fitowa daga horo ba. A ƙarshen 2020 gwamnati ta ce za ta ninka yawan sojoji daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara biyar, kuma kowa ya san abin da ya jawo haka. Kada ka shiga da tunanin za a ajiye ka a ofis a Yamai. Ɗauka cewa Tillaberi ko Diffa za a kai ka, sannan ka tambayi zuciyarka. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka, na kuma ga mutum ya fita daga wuta lafiya ya zo ya rasu da zazzaɓi a kan gadonsa. Amma tawakkali bai hana mutum sanin inda yake sa ƙafa ba.

Mutuwa ma kowa na tuna ta. Abin da ba a faɗa shi ne rauni. Gwiwata ta hagu ba ta barin in yi sujada yadda nake so, kunnena na dama kuma tun a Ngigmi ya rage ji. Akwai abokina da ba ya iya barci in an rufe ƙofar ɗaki. Sa wannan a ma'auni.

Daga nan ka je wurin mahaifiyarka, in kana da mata ka je wurinta, kuma ka yi shiru ka saurara. Soja ba ya zaɓen garin zama. Ni na zauna Agadas, Dirku, Tawa, Ngigmi, Yamai, sai a ƙarshe aka kawo ni gida. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Daga Agadas zuwa Dirku kuwa sai ka ratsa Tenere, kwana biyu ko uku a mota in an yi sa'a. Ina Dirku mahaifina ya rasu, labari ya iske ni an riga an yi sadakar uku. Ƴaƴana shida, biyu kawai na ga ranar sunansu. Babbar ɗiyata ta yi firamare a garuruwa uku, kuma hakan ya taɓa karatunta. Uwargidana ce ta riƙe gidan, ita ce ta kwana asibiti da yara, ita ce ta san malamansu. In matar da za ka aura ba ta da dangi kusa da za su tallafa mata, ko ba ta iya zama wata shida babu kai, ku yi wannan magana kafin a kai goro. Yanzu akwai salula, muryarka za ta isa gida kullum in da layi. Murya ba ta ɗaukar yaro zuwa likita.

Yanzu kuɗi, kuma a nan nake so ka ɗauko biro da takarda, domin a nan aka fi yaudarar kai. Albashin soja yana da alheri ɗaya babba: yana zuwa ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. A ƙasar da manomi ke dogara da ruwan wata uku, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kaki, akwai magani, in kana daji akwai abinci. Amma kada ka yi lissafi da abin da ka ji a fada. Nemi sojan da ke kan aiki yanzu, mai shekara biyar, da wani mai shekara goma sha biyar, ka roƙe su su nuna maka takardar albashinsu. Ka duba ainihin albashi daban, kuɗin da ake ƙarawa saboda fagen daga daban. Na biyun yana tsayawa ranar da aka dawo da kai bariki, kuma na ga mutane da yawa sun ƙara aure a kansa. Haka kuɗin aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, irin wanda sojojinmu suka yi a Kodebuwa da Mali. Wasu sun gina gida da shi, gaskiya ne, amma ba kowa ake turawa ba, kuma aikin na Mali ma an rufe shi a 2023. Abin da ba a hannunka yake ba, kada ka rubuta shi a takardar.

A gefe guda rubuta masu ci. Ranar da ka sa kaki, dangi duka sun yi ma'aikaci. Buhun hatsi na gidanku, kuɗin makarantar ƙanne, ragon layya, rashin lafiyar gwaggo a Mirriya ko Magarya, duka kanka za su faɗo, kuma ba za ka iya cewa a'a ba. Cire su. Abin da ya rage shi ne albashinka na gaskiya. Sai ka kwatanta shi da abin da tsaranka ke samu a kasuwar Dole, ko mai walda, ko mai kai kaya Kano da Maigatari, ba a wata mai kyau ba, a shekara guda cur da ribarta da asararta. Ka kuma tuna albashi ma yana iya ramewa yana aljihunka. Ina sabon soja, a Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi, muka wayi gari kuɗinmu ba ya sayen abin da ya saya jiya.

Ka tambayi maganar fansho tun ranar farko, kada kunya ta hana ka don kana yaro. Shekara nawa ake bukata kafin mutum ya cancanci fansho? In ya fita kafin nan, me yake samu? In ya ji rauni fa, in ya rasu fa, me ke isa ga matarsa da marayunsa, kuma waɗanne takardu ake nema? Nemi a nuna maka a rubuce, domin dokoki suna canjawa. Ko a ƴan shekarun nan an ɗaga shekarun ritayar ƙananan sojoji daga 47 zuwa 52. Wannan lissafi shi ne zai nuna maka inda mararraba take. Fita da wuri, kana da ƙarfin fara wata sana'a, yana da ma'ana. Zama har fansho ya nuna yana da ma'ana. Mafi muni shi ne fita a tsakiya cikin fushi, ƙuruciya ta tafi, fansho bai zo ba.

Abu na gaba shi ne ta wace ƙofa za ka shiga, domin ita ke nuna iyakar inda za ka kai. Mai shiga kurtu yana hawa a hankali: kaporal, sarjan, in Allah ya yarda ajidan, kuma kowane mataki sai da kwas da jarrabawa. Mai takardar makaranta yana iya neman makarantar ƙananan hafsoshi ta Agadas, mai digiri ya nemi ta manyan hafsoshi a Yamai. In kana aji na ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ina roƙonka, ƙarasa tukuna. Shekara ɗaya da za ka yi haƙuri yanzu tana iya zama bambancin shekara goma a galo, wato muƙami. Ni da takardar firamare na shiga, da fitilar hannu na yi karatun kowace jarrabawa, yaran da na koya wa riƙe bindiga suka zo ina sara musu. Ban yi baƙin ciki ba, haƙƙinsu ne, amma na san abin da gaggawa ta ci mini.

Wannan ya kawo ni ga hali. Za ka iya karɓar umarni daga wanda ka girma, ka ce "to" ko da kana ganin akwai hanya mafi kyau? In kai mai saurin zuciya ne, wanda ba a taka shi ya yi shiru, bariki za ta gyara ka ko ta karya ka, kuma na ga duka biyun. Ka sani kuma a ƙasarmu soja ba ya nesa da siyasa: an yi juyin mulki a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Uku daga ciki ina cikin kaki suka faru, kuma kamar sauran jama'a a rediyo na ji su. Ƙaramin soja ba a shawara da shi, amma shi ke tsaye a mararraba da bindiga washegari, mutane na kallonsa. Abin da ya rage a hannunka shi ne yadda kake mu'amala da talakan da ya tsaya gabanka a shingen bincike. Wannan naka ne, kuma shi za a tambaye ka.

In ka auna duka ka ga za ka zauna, to daga shekarar farko ka fara shirin ranar fita. Zanen aro ba ya rufe katara, kaki kuwa aro ne. Nemi fannin da ke da kasuwa a waje: kanikanci, tuƙin babbar mota, aikin jinya, sadarwa, gini da haƙar rijiya irin na sojojin injiniya. Ni ɓangaren motoci na faɗa, kuma shi ke ciyar da ni yau a ƙaramin garejina. Sayi fili kafin ka sayi babur mai tsada, ko a bayan gari ne, ka riƙa ajiye bulo ɗari ɗari. Sa tumaki biyu a hannun wanda ka amince da shi. Kowace takarda da aka ba ka, ta ƙarin girma, ta canjin wurin aiki, ta asibiti, ta aure, ta haihuwar yara, yi mata kwafi ka ajiye a akwatin ƙarfe a gida, ba a bariki ba. Takarda ɗaya da ta ɓace mini ta sa na yi wata bakwai ina zirga-zirga tsakanin wasu ofisoshi kafin kuɗina su fara fita.

Ɗan ƙanena ya zo mini da wannan tambaya bara, yana da BAC. Ban ce masa shiga ba, ban ce kada ka shiga ba. Na tura shi wurin mutum uku: wani tsohon sarjan a Birni da ya yi ritaya yana da gidansa da gonarsa, wani da ya ajiye aikin bayan shekara shida yana sayar da kayan gyaran babur, da matar wani abokina da bai dawo daga Diffa ba. Na ce ya je da goro, ya gaishe su, ya tambayi kowannensu abin da ya so a ce an gaya masa tun farko. Wurin matar ya fi daɗewa. Da ya dawo ya zauna kan tabarma bai ce komai ba har aka kira magariba, sannan ya ce, "Baba, zan nemi ta Agadas, amma sai na fara yin lasisin babbar mota." Ya samu lasisin a watan jiya, yanzu kullum da asuba yana gudu a hanyar Tanut yana jiran sanarwa.