Farfaɗo da tsohuwar motar gayu a Kebbi: inda masu sha'awa suke yawan tuntuɓe

Makanikanmu gwanaye ne wajen tayar da motar da ta mutu a hanyar Jega, su lallaɓa ta har ta sauke fasinja a Yauri kafin magariba. Wannan gwaninta ta "a lallaɓa" ita ta riƙe motocin haya shekara da shekaru, kuma ba abin rainawa ba ce. Amma duk wanda ya ɗauko tsohuwar mota mai ƙofa biyu don sha'awa, irin su Peugeot 504 Coupé da Datsun 240Z waɗanda suka fito a 1969, ko MGB ta Ingila da aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, ko Marsandi SL ta 1971 zuwa 1989, to ya sani cewa wannan lallaɓawar ce za ta fara kashe masa ita. Motar haya ana so ta fita aiki gobe da safe. Wannan kuwa ana so ta koma yadda ta fito daga kamfani, ko da za a shekara biyu ana aiki. Kusan duk kuskuren da ake yi daga haɗa waɗannan biyun yake tasowa.

Tun kafin a taɓa sifana ake fara yin kuskure. Irin waɗannan motoci yawanci a gidajen tsofaffin ma'aikata da attajirai ake samunsu, an jingine su a bayan gida tun maigidan yana da rai. Sai mai sha'awa ya daidaita da ɗa ɗaya, ya biya, ya kawo janwe. Ranar da mota ta fito tana ƙyalli, ranar sauran magada za su tuna cewa ba a raba gado ba. Kada ka biya sisi sai magada sun amince a rubuce gaban shaidu, in akwai marayu ƙanana a ciki kuma a bi ta hannun waliyyinsu ko kotu. In ta ƙetare aka shigo da ita, ta Kwatano ko ta wajen Kamba, ka ga takardar kwastan da idonka, sannan ka duƙa ka karanta lambar shasi a jikin ƙarfen motar ka gwada da ta takarda, harafi bayan harafi.

Sai kuma sayen mota saboda ƙarar inji. Mai sayarwa zai ce maka, "Alhaji, wagga mota kik ɗaya take tashi," ya ba ta wuta unguwa ta amsa, kai kuma zuciyarka ta tafi. Inji shi ne abu mafi sauƙin gyara a jikin tsohuwar mota. Ɗauki 504 Coupé: tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa 504 a Kaduna a 1975, kayan injinta mai silinda huɗu suka cika ƙasar nan, kuma da yawansu suna shiga na Coupé. Jikinta kuwa kamfanin Pininfarina ne ya ƙera shi a Italiya, kuma ba ta haɗa ƙofa ko gilashi ko fitila da 504 ɗin da muka sani ba. Za ka iya zagaye Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas ka dawo ba ka ga gilashin bayanta ba. Motar da injinta ya daskare amma fitilunta da gilasanta da ƙarafunan adonta suna nan cif ta fi wadda ke tashi kik ɗaya alhali an yi mata kwaskwarima da fitilar wata mota.

Mutane suna cewa Arewa babu tsatsa saboda ƙasarmu busasshiya ce. Motar da ta yi rayuwarta duka a Birnin Kebbi cikin rumfa, e. Amma wadda ta sha gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, ko ta zauna a iskar tekun Legas, ko ambaliya ta taɓa shanye ta a garuruwan bakin kogi, da ciwonta take zuwa. Haka wadda ta shekara goma a ƙarƙashin dogonyaro: ganye ya toshe ramukan da ruwa ke bi ya fita, kowace damina ruwa ya kwanta a ƙasan kafet. Cire maganaɗisu daga tsohuwar sifikar rediyo, ka naɗe shi da ƙyalle, ka bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame ya faɗo, fila aka cusa, wato kwaɓin da ake cike ramukan bodi da shi kafin fenti. Ɗaga kafet, ɗaga tayar safaya, ka soki wurin da sukudireba. In ta shige kamar an soki kwali, ka rage kuɗi sosai ko ka haƙura.

An kawo mota gida, yara sun taru, sai a ce a kawo batir da galan ɗin fetur a ji muryarta. A nan ake lalata injin da bai lalace ba. Injin da ya shekara goma a tsaye babu ɗigon mai a bangon silindarsa, zoben fistan ya manne, tsohon fetur ya zama danƙo a tanki, zanzaro ya yi gini a bakin kafireta, ɓera ya tara tsumma a gidan filtar iska. Duk wannan inji zai zuƙa a juyin farko. Abin yi shi ne a cire fulogai, a ɗiga baƙin mai kaɗan a kowace silinda, a bar shi ya kwana biyu, sannan a sa sifana a kan fulin gaba a juya da hannu. In ya ƙi, kada a ja motar da wata mota don a tilasta shi, a sake jiƙa shi a jira. In ya juya, a zubar da tsohon mai, a sa sabo da sabuwar filta, a sauke tanki a wanke, a buga kik ba fulogi har fitilar mai ta mutu. Bayan haka ne ake ba shi wuta.

Wajen kwancewa kuwa, abin da na fi gani shi ne a wargaza mota gaba ɗaya cikin mako guda, a zuba kusoshi a tsohon bokitin fenti, yaran gareji suna ɗiba suna ɗaura wa wasu motoci. Wata shida baya babu wanda ya san inda komai yake. Wayarka tana da kyamara: ɗauki hoto kafin a cire kowane abu, sa kusoshinsa a leda, rubuta suna da maka. Kada ka yar da tsohon abu ko ya karye, domin da shi za ka gwada sabon, wani lokacin ma shi za a gyara a mayar. Ƙananan kaya, wato fitilu, agogunan dashbod, tambari, hannun ƙofa, a ɗakinka za su kwana, ba a gareji ba. 'Yan gwangwan ba su san Pininfarina ba, kilo suka sani.

Wani abu da ya shafi masu 504: silif ɗin injinta, wato bututun ƙarfen da fistan ke hawa da sauka a cikinsa, ba a manne yake da bulon inji ba, zaune yake a kan abin toshe ruwa a gindinsa. In an ɗaga tof silinda aka juya inji ba tare da an danne silif ɗin ba, zai motsa, kuma bayan an haɗa ruwa zai riƙa gangarawa cikin baƙin mai. Tsofaffin makanikan Fijo sun san wannan sarai. Yaron da ya koyi aiki a kan Toyota bai sani ba, kuma ba laifinsa ba ne. Nemi dattijon, ko da ya daina zuwa gareji.

Fenti shi ne babban jarabin mai sabuwar sha'awa, domin shi mutane ke gani. Sai a kai mota wurin mai fenti tun inji bai tashi ba, a shafe tsatsa da fila, a fesa ja mai sheƙi. Kitso ne da ƙwarƙwata: damina ɗaya fentin zai kumburo ƙuraje-ƙuraje, in ka danna da yatsa ruwa mai launin ƙasa ya fito. Tsatsa yanke ta ake yi har a kai lafiyayyen ƙarfe, a yanko sabon faranti mai kaurin na asali a yi walda. Mai waldar kabait in ya zauna wuri ɗaya da wuta, farantin zai lanƙwashe, daga nan kuma sai a nemi rufe lanƙwasar da fila mai kaurin yatsa. A riƙa ɗiga walda nan da can ana bari yana hucewa. Fila aikinta share ƙananan ramuka, in ta wuce milimita 3 to mai bugun bodi bai gama aikinsa ba. Kuma a lura da lokaci: fesa fenti a fili cikin hunturu, ƙura za ta zauna a kai kamar an barbaɗa; cikin Agusta kuma laima za ta dusashe shi. A nemi rufaffen ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa. Duk wannan bayan an gama walda, an gwada ƙofofi da bonet sun zauna daidai. Lambar launin asali tana kan ƙaramin faranti ko takarda a ɗakin inji ko jikin ƙofa a yawancin motoci, a duba kafin a kankare.

Yanzu ga wanda za mu yi faɗa da makanikai a kansa. Da mota ta fara zafi, sai ka ji, "Oga, a cire tamostat, wannan na ƙasar sanyi ne." Gaskiya ne a watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40. Amma tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har inji ya ɗumama, ba ya buɗewa sai ruwa ya kai wajen digiri 75 zuwa 90, kuma da ya buɗe ba ya hana ruwa wucewa. Cire shi ba ya maganin zafi, ɓoye dalilin yake yi, sannan da sanyin safiyar hunturu inji ya daɗe bai ɗumama ba, yana shan mai yana cin zobe. Dalilin zafin yana wani wuri: lagireto ya toshe, murfinsa ya saki, bel ya yi sako-sako, famfon ruwa ya cinye, ko tayimin ya yi baya. In kana shakkar tamostat, jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta ka ga ko zai buɗe kafin ruwan ya tafasa. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuma shi ke haifar da farin dutsen da ke toshe lagireto, ya kuma ci tof ɗin alminiyam. A haɗa ruwan sanyaya inji na gwangwani da tataccen ruwa, rabi da rabi.

Haka ake yi wa injekta, wato na'urar da ke fesa wa inji fetur a maimakon kafireta. 504 Coupé mai silinda huɗu da famfon Kugelfischer ta zo, Marsandi SL kuma da na Bosch. Da sun fara gardama sai a ce a tuge a ɗora kafireta. Sau da yawa datti ne daga tanki, ko iska na shiga ta tsagaggen tiyo. In dole ta sa aka canza, a adana na asalin a kwali, domin rabin darajar motar yana ciki. Tiyon fetur na motar kafireta kuma ba ya ɗaukar ƙarfin famfon injekta, zai fashe ya watsa mai a kan inji mai zafi. Masu MGB da 240Z su tuna cewa tagwayen kafiretocinsu suna da ɗan murfi a sama inda ake ɗiga mai. In ya bushe mota za ta riƙa shaƙewa in an taka totur, a yi ta kwance abin da lafiyarsa ƙalau. MGB tana da ƙarin matsala: tof ɗinta na baƙin ƙarfe ne, an yi shi don fetur mai dalma, wanda Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayarwa a 2021. In an sauke tof, a sa masa mazaunin bawul mai tauri gaba ɗaya a huta. Kuma MGB ɗin da aka ƙera kafin ƙarshen 1967 kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da bodi, saɓanin motocin yau. Mai wayarin da bai tambaya ba zai ƙona abubuwa. Fis in ya ƙone a nemo dalili, kada a naɗa masa waya ko takardar sigari.

Birki da taya su ake bari ƙarshe, alhali su ya kamata a fara gamawa kafin mota ta taka titi. Man birki yana tsotsar laima, bayan shekaru ya cinye cikin silindar birki, tiyoyin roba kuma su kumbure ta ciki ko da waje yana da kyau. A canza robobi da tiyoyi duka, a zuba man birki mai lamba DOT 4, kada a gauraya shi da DOT 5. Ƙurar tsohon birki tana iya ƙunsar asbestos mai lahani ga huhu, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada yaro ya hure ta da baki. Taya kuma zanenta ba ya nuna shekarunta. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In uku ne kawai, kafin 2000 aka yi ta. Wadda ta shekara goma a cire ta ko ba ta taɓa taka ƙasa ba. Kada kuma kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai ko kan bulon siminti.

Batun kuɗi gajere ne: kada ka ba bakanike kuɗin aiki duka a dunƙule. Ku raba aikin gida-gida, a gama ɗaya ka gani ka biya, kayan kuma kai za ka saya ko ku je tare.

Ranar da ta tashi, kada ka ɗauki hanyar Zuru ko Sakkwato don nuna wa abokai. Yi ta zagaye cikin gari kana kallon allurar zafi, ka dawo ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ka ga abin da zai ɗiga kafin safe. Bayan 'yan ɗaruruwan kilomita a juye baƙin mai, a sake ɗaure kusoshin tof in irin gasket ɗin yana buƙata, a daidaita bawul. Tafiyar farko ta wajen gari a yi ta da hantsi zuwa Argungu, wata mota tana biye, a but kuma akwai bel, kontak da kwandensa, fis, jarkar ruwa, da abin kashe gobara a inda hannun direba zai kai ba sai ya fita ba.