Yadda za ka ci moriyar daren Molière ko ba a gayyace ka ba

Kusan kowace shekara, wani lokaci tsakanin ƙarshen Afrilu da Yuni, ƴan wasan daɓe na Faransa sukan taru a Faris su karrama junansu. Sunan bikin Nuit des Molières, kuma abin da ake miƙa wa wanda ya yi nasara shi ne ɗan mutum-mutumin kan Molière, marubucin wasan daɓen nan kuma ɗan wasa da ya rasu a 1673 sa'o'i kaɗan bayan ya sauka daga dandamali. Georges Cravenne ne ya kafa bikin a 1987, shi ɗin da ya ƙirƙiro kyautar César ta ƴan fim. Yawanci ranar Litinin ake yi, don ita ce ranar hutun galibin gidajen wasa. Ni da kai ba za a aiko mana da katin gayyata ba, kuma ba mu yi asarar komai ba. Amfanin bikin ga ɗan kallo yana cikin jerin sunayen da yake fitarwa, domin su ne za su nuna maka inda za ka kai kuɗinka a birnin da wasanni suka fi ƙarfin ƙirga.

Kafin ka taɓa jerin nan, sai ka san cewa wasan daɓe a Faransa gida biyu ne. Akwai na gwamnati, wato gidajen da ke samun tallafin hukuma, irin su Comédie-Française da aka kafa tun 1680, da Odéon, da Colline, da gidan wasan ƙasa na Strasbourg, da sauran cibiyoyin da ke warwatse a lardunan ƙasar. Akwai kuma masu zaman kansu, mafi yawansu a Faris, waɗanda cinsu da shansu ya dogara ga tikitin da suka sayar. Tsakaninsu akwai zaman ƴan ubanci: na gwamnati na ganin ɗayan ɗan kasuwa ne, shi kuwa yana ganin wancan yana wasa da kuɗin haraji ko zaure ya cika ko bai cika ba. Akwai ma lokacin da shugabannin gidaje masu zaman kansu suka janye daga bikin, har ba a yi bikin ba a 2012 da 2013. Sai a 2014 aka dawo da shi ƙarƙashin jagorancin Jean-Marc Dumontet. Wannan rabuwar gida biyu ce ta sa za ka ga manyan kyaututtukan bibbiyu ne: wasan da ya fi kyau na gwamnati da na masu zaman kansu, gwanin darakta nan da can, haka jarumi da jaruma.

Wannan rabon ya shafe ka kai tsaye, don shi zai gaya maka ko za ka samu ganin wasan. A gida mai zaman kansa, wasan da ya karɓu ba ya sauka. *Edmond* na Alexis Michalik, wanda ya kwashe kyaututtuka 5 a 2017, ya shafe shekaru ana yin sa a Théâtre du Palais-Royal. A gidan gwamnati kuwa wasa kan yi ƴan makonni ne ya tattara ya tafi zagayen garuruwa, sau da yawa ranar da za a ba shi kyauta ma ya daɗe da barin Faris. To idan na gwamnati ne ya burge ka, kada ka tsaya jiran daren bikin. Nemi jadawalin zagayensa, ko ka duba ko za a maido shi a kakar da ke farawa a Satumba. Ka kuma duba tsawonsa tun kafin ka biya. *Ça ira (1) Fin de Louis* na Joël Pommerat, da ya ci kyautar ɓangaren gwamnati a 2016, ya haura awa huɗu. Wasa ne na gaske, amma ba na wanda ya wuni yana yawo a gari ba.

Ana fitar da sunayen ƴan takara makonni kaɗan kafin bikin, kuma a ganina wannan ne lokacin sayen tikiti. Da zarar an sanar da sakamako, sai ka ga an manna ƙyalle a kan hoton tallar wasan a tashoshin metro da kan dogayen ginshiƙan talla na bakin titi, an rubuta "4 Molières" da manyan baƙaƙe, kujeru masu kyau kuma sai su yi wuya. Ni abin da nake yi, ina tsallake rukunin manyan jarumai, don can suna ne ke aiki, kuma tikitin tauraron fim da ya hau dandamali tsada gare shi ko da kyauta ko babu. Inda nake tsayawa shi ne rukunin sababbin fuskoki na maza da mata, da na marubuci mai rai da ke rubutu da Faransanci, da na wasan mutum ɗaya. Wasan da sunansa ya fito a biyu daga cikin waɗannan da wuya ya ba ka kunya.

Idan Faransancinka bai nuna sosai ba, ka guji rukunin barkwanci na masu tsayawa su kaɗai da makirufo. Zaure zai ɓarke da dariya kai kana ta waige-waige. Ka nemi wasan da labarinsa ke tafiya a miƙe. *Adieu Monsieur Haffmann* na Jean-Philippe Daguerre, mai kyaututtuka 4 a 2018, labarin wani Bayahude ne mai sana'ar gwala-gwalai da ya ɓuya a ƙarƙashin shagonsa a Faris ta 1942, ko rabin maganar ka ji za ka bi shi. Wasu gidajen ma suna haska fassarar Turanci a saman dandamali a wasu ranaku, sai ka tambaya.

Shi kansa daren, a talabijin ake kallonsa, a France 2 ko France 3, kuma sau da yawa ba kai tsaye ba, sai dare ya yi nisa ake sa shi. Idan kana wajen Faransa shafin france.tv kan toshe maka, amma washegari guntayen bidiyon sukan bazu a YouTube. Gaskiya bikin na da tsawo, godiya kuma ba ta ƙarewa. Abin da ke raya shi shi ne abin da ba a shirya ba, don ministan al'adu na zaune a zauren, ƴan sana'ar kuma ba sa barin damar ta wuce. A 2023 wasu mata biyu ƴan ƙungiyar ƙwadago ta CGT suka hau dandamali suka caccaki gwamnati kan dokar fansho, sai minista Rima Abdul Malak ta miƙe daga kujerarta ta karɓi makirufo ta mayar da martani. A 2015 kuwa Sébastien Thiéry fitowa ya yi tsirara haihuwar uwarsa yana kai kukan marubuta gaban minista Fleur Pellerin. Na faɗi wannan ne don ka san ba shirin da za a kalla da yara ba ne.

Wajen sayen tikiti, shafin gidan wasan ya fi, don a nan za ka ga taswirar kujeru. Tsofaffin gidajen Faris masu jan karan-miski da baranda hawa-hawa suna da kyau a hoto, amma an gina su ne lokacin da zuwa a gan ka ya kai zuwa kallo muhimmanci. Kujerar gefe a hawa na biyu na iya ɓoye maka sulusin dandamali, wata kuma ginshiƙi ne a gabanta. Duk inda ka ga an rubuta "visibilité réduite", wato ba a ganin dandamali sosai, da gaske suke. Gara ka zauna can baya a tsakiya da ka zauna kusa a gefe. Idan kana da dogayen ƙafafu ka nemi bakin layi, in ba haka ba gwiwarka za ta kwana a bayan kujerar wani. Mai neman sauƙi kuma ya je rumfar tikiti ta dandalin Madeleine, inda ake sayar da na wasan ranar da rangwamen da kan kai rabin kuɗi, sai dai wasan da ya ci kyauta jiya ba lallai ya samu a can ba.

Abu ɗaya da mutane ke mantawa: wasan da ya daɗe ana yi yakan canza ƴan wasa, wani lokaci ma rukuni biyu ko uku ne ke karɓa-karɓa. Idan don wanda ya ci kyautar za ka je, duba sunayen masu fitowa a ranar da ka zaɓa. Ka kuma tanadi ƴan sulallan yuro ɗaya ko biyu a aljihu, domin a gidaje masu zaman kansu da yawa ana ba mai raka ka kujera ɗan ihsani, a na gwamnati kuwa ba a bayarwa. Kada ka makara, don in an fara sai su hana ka shiga ko su ajiye ka a wata kujerar daban.

Wanda ke son ya riga masu jefa ƙuri'ar kyautar gani, ya nufi garin Avignon da ke kudancin Faransa a watan Yuli. A gefen babban bikin da Jean Vilar ya kafa a 1947 akwai wanda ake kira Off, inda wasanni fiye da dubu ke gudana a ƙananan zaure daga safe har dare. Daga can *Le Porteur d'histoire* na Michalik ya taso, haka *Adieu Monsieur Haffmann*, haka *La Machine de Turing* na Benoit Solès da ya ci kyaututtuka 4 a 2019. Ka sayi katin rangwame na Off tun ranar farko, ka saurari abin da mutane ke faɗa a layi, wasan da ka ji sunansa ya maimaitu a bakuna daban-daban kuma ka kama kujerarsa da wuri, don ƙananan zauren nan ba sa jimawa suke cika.