Yadda nake saita na'ura idan za a ɗauki hoton X-ray na karkataccen kashin baya

Ɗaliban da ke zuwa mana horo a nan Sakkwato kusan duk halinsu ɗaya: yarinya na tsayawa, sai hannu ya tafi kan AEC, ma'aunin nan da ke yanke hasken X-ray da kansa idan ya ga ya isa. Nan nake dakatar da su. Ma'aunin tsakiya na AEC yana aiki ne idan kashi ya miƙe a kansa. Idan kashin ya karkace, huhu ne zai faɗo wurin, na'ura ta yanke da wuri, hoto ya fito da yashi-yashi. In kuwa an riga an sa mata ƙarfe a baya, sai ta makara wajen yankewa, yarinya ta sha hasken da ba ta buƙata. Shi ya sa da hannu nake saitawa.

Tazara santimita 180 nake bari tsakanin bututun da ke fitar da haske da farantin da ke karɓar hoto. Wanda ya saba da 100 ya tuna cewa mAs, wato yawan hasken da ake saki, zai ninka sau uku da ɗoriya. kV, wato ƙarfin hasken na ratsa jiki, ina ajiye shi tsakanin 80 da 90, a hoton gefe in ƙara kamar goma. Gara kV ya hau mAs ya sauka, domin in ka ƙara kashi 15 cikin ɗari a kV, za ka iya raba mAs biyu. Kaurin jiki nake dubawa kafin shekaru. Ɓangaren katod na bututu, wato gefen da haske ya fi ƙarfi, ya kalli ƙugu, inda jiki ya fi kauri.

Abin da ba na sassauci a kai shi ne tsayuwa. Yarinya ta juya wa bututu baya, ƙirjinta na fuskantar faranti. Yawancin masu zuwa wannan hoton 'yan mata ne masu tasowa, kuma likita zai yi ta dawo da su yana auna kusurwar Cobb, wato yawan karkatar kashin, har girma ya tsaya. Wannan juyin kaɗai yana rage hasken da ke shiga nono da maƙogwaro sosai.

Kafin in taɓa maɓalli, abokiyar aikina takan shiga da ita ta cire takalmi, allurar hijabi, maɗaurin rigar mama da jigida. Na taɓa mantawa da jigida, dole muka maimaita hoto, kuma har yau abin na damuna.

A tabbata saman ƙashin ƙugu ya shiga, da shi ake duba alamar Risser, wadda ke nuna inda girman ƙashi ya kai. Ta fitar da numfashi ta riƙe. Bayan ɗauka ina duba lambar EI, wadda ke nuna yawan hasken da ya isa faranti, in rubuta kV da mAs ɗin a takardarta don zuwa na gaba.