Yadda Za Mu Riƙe Baƙi a Argungu

Mu mutanen Argungu mun iya tara jama'a. Tun 1934 ake bikin kamun kifi, UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ma ta karrama shi a 2016. Abin da ke damuna, baƙo zai kalli masunta da komarsu a kogin Matan Fada, da yamma ya wuce Birnin Kebbi ya kwana.

A fara sanar da ranar biki tun saura wata uku, a rediyo da Facebook, kuma kada a ɗage. A horar da samarinmu su riƙa kai baƙi Gidan Tarihin Kanta, su ba su labarin Kabi da bakinsu. Masu masauki, don Allah ku gyara banɗaki, shi baƙo ke fara dubawa. Manoman shinkafa kuma su sa taronsu cikin makon bikin.