Darasi na 6: Yadda Filin Kiwo Yake Sauya Kama

Ciyawar filin kiwo iri biyu ce. Akwai mai gindi, irin su gamba, wadda saiwarta ke raye a ƙasa duk tsawon rani, ruwan farko na sauka sai ta toho. Akwai kuma mai shekara ɗaya, irin su ƙarangiya, wadda sai daga iri take fitowa. Mai gindi ita ce ƙarfin fili, kuma ita dabba ke fara bi.

Idan aka yi ta cinye ta har ƙasa ba hutu, ba ganyen da zai ciyar da saiwa. Saiwar sai ta gajarce, gindin ya mutu. Gurbinta kuwa ba ya zama haka nan. Tafasa da tumfafiya, waɗanda shanu ba su damu da su ba, sai su shigo, ƙaya ta biyo baya. Ku lura da ɗunɗu: dabba ta ci 'ya'yansa, irin ya fita cikin kashi lafiya lau, ga taki a jikinsa. Da can ciyawa mai kauri ke shanye ruwan sama-sama ta hana tsiron girma, busasshiyarta kuma ta ci wuta ta ƙone shi tun yana ƙarami. Yanzu ba ciyawa, ba abin da zai tare shi. Sara kaɗai ba ya maganinsa, don yana tohowa daga saiwa. A tono gindin, ko a riƙa sake awaki a kan sabon toho.

Noma shi ne mai gaggawar sauya fili. Huɗa ɗaya ta isa ta tumɓuke gindin ciyawar da ta shekara da shekaru. In an bar gonar ta zama saura, ciyayi marasa amfani ne ke riga kowa, mai gindi kuwa sai an daɗe kafin ta dawo, wani lokaci ma sai an shuka ta.

Abin da ya fi damunmu shi ne zaizaya. Ɗigon ruwa na dukan ƙasa tsirara, sai samanta ya daskare ya zama fako. Ruwa ba ya shiga, gudu yake yi, yana kwashe baƙar ƙasa tare da irin ciyawar da ke cikinta. Duba gindin itace: in ka ga saiwoyi a waje, ƙasar da ta rufe su ce ta tafi. Ɗan layin da kofato ya bari, shi ne gobe kwazazzabo.

Aiki: A ƙarshen damina, yi tafiya taki 100 a miƙe. Kowane taki, duba abin da ke gaban babban yatsan ƙafarka: ciyawa mai gindi, mai shekara ɗaya, ƙaya, ko ƙasa tsirara. Rubuta adadin kowanne, ka maimaita baɗi a wuri guda. In ƙasa tsirara na ƙaruwa, rage dabbobi, ka hutar da wurin har ciyawa ta zubar da iri, ka jera duwatsu a gicciye da gangare don rage gudun ruwa. A wajen kiwo, a ci rabin ganyen a bar rabi.