Yadda ake cin hutun Disamba da iyali a Birnin Kebbi ba tare da wahala ba

Da zarar an ba yara hutun ƙarshen shekara sai hankalin mutane ya koma tasha, a lodi iyali a nufi Kaduna ko Abuja, a dawo da gajiya da bashi. Ni shawarata a zauna gida. Birnin Kebbi ba ta da lokacin da ya fi wannan daɗi: zafin Afrilu mai haura digiri 40 yana nesa, hunturu ya sauko, sabuwar shinkafa ta shigo kasuwa. Sai dai zaman gida ma yana son tsari, in ba haka ba hutun zai ƙare kana kan babur tsakanin Badariya da Gesse.

Fara da zumunci, domin shi ne ke cinye kwanaki in aka bar shi kara zube. Ku zauna da uwargida tun daren farko ku ware gidajen da zuwansu ya zama dole: iyaye, surukai, da duk wani dattijo mai jinya. Ku gama da su a kwana biyun farko, ku tafi da hantsi, kuma ku zauna zama na gaske. Gida ɗaya da aka wuni ya fi gida shida da aka leƙa a tsaye. Idan kun yunƙura tsohuwa ta ce, "Har za ku tashi? Ku bari a dama fura mana," to ka ce, "To Inna, mun zauna," ka mayar da takalminka. Yara su ga kakarsu tana murza fura da ludayi, tana ɗanɗanawa, tana ƙara nono, ta miƙa wa ƙaramin cikinsu ƙwaryar tukuna. Wannan zaman nake so kada ya wuce su. Sauran dangi a gaishe su ta waya, babu laifi. Bukukuwa kuma sukan taru a wannan wata. Ka je ɗaurin aure, a shafa fatiha, ka dawo gida.

Cefane a yi shi sau ɗaya, da sassafe kafin babbar kasuwa ta cika: shinkafar tuwo, busasshen kifi, kuka, daddawa, man gyaɗa. A haɗa da man kaɗanya saboda kaushi da fashewar leɓe, da rigunan sanyi na yara. Kuɗin fita a ware shi daban, abin da ya ƙare ya ƙare.

Fita kuwa, biyu sun isa. Ta farko bayan la'asar, ku gangara wajen Dukku, bakin fadama. Yara za su ga masunta da kwalekwale, da manoma suna shirin noman rani, su san daga inda shinkafar da suke ci take fitowa. Ka riƙe hannun ƙananan, ruwa ba abin wasa ba ne, kuma ku juyo kafin magariba.

Ta biyu ita ce Argungu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Ku bar gida bayan karin kumallo, ku fara da gidan tarihi na Kanta. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Akwai masu da takubba da kwari da baka da tambura, kuma a nan ake binne sarakunan Kabi, don haka a ja wa yara kunne su shiga da ladabi. Kada ka hanzarta mai yi muku bayani, ka bar yara su yi masa tambayoyinsu, ka kuma sallame shi da abin kirki. Daga nan ku leƙa Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da aka faro a 1934. Bikin yakan faɗo wajen Fabrairu ko Maris, saboda haka a Disamba babu cunkoso ko kaɗan. Ku sayi kifi ku kama hanya tun rana na sama.

Sauran kwanakin na tsakar gida ne. Ni bayan isha'i nakan sa kowa ya ajiye wayarsa a ɗaki, har da tawa, a shimfiɗa tabarma, a kawo gyaɗa da shayi. Daren farko manyan yara za su yi ta ƙunƙuni. Kada ka biye musu, kada kuma ka mai da zaman wa'azi. Ka sa uwarsu ta buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," ko ka ba su labarin yadda garin yake kafin a ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991.

Kwana biyun ƙarshe kada a sa wata fita. A karɓo kayan makaranta daga wurin tela, a yi wa maza aski, mata kitso, a duba aikin gida, a koma kwanciya da wuri.