Yadda Ake Fitar da Gishiri Daga Ruwan Teku

Ɗebo ruwan teku a wurin da babu ƙazanta, ka tace shi da farin ƙyalle. Zuba a faffaɗan faranti, kada ya yi zurfi, ka ajiye a rana. Kowace lita tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, saboda haka kada ka sa ran cika buhu.

Da ƙwayoyin sun fara taruwa a ƙasan farantin, kwashe su da cokali tun ruwan bai ƙafe duka ba. Nan na fi sa ido, domin ragowar ruwan ɗaci gare shi, shi ke ɓata ɗanɗano. Sai ka shanya su bushe.

Wannan ɗan aikin Turawan Ingila suka haramta wa mutanen Indiya, har Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, ya taka da ƙafa zuwa Dandi, wani ƙauye a bakin tekun ƙasar, a 1930 ya karya dokar.